Lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai a makarantun da ba su da hali: abin da iyaye da malamai mazauna kudu ya kamata su sani

Duk wanda ya taɓa leƙa makarantar unguwa a Agege ko Idi-Araba, ko Sabo ta Ibadan, ko Ama Hausa a Owerri, ya san yadda abin yake. Aji ya cika maƙil, malami ɗaya, allo ya koɗe, fanka in ma akwai to babu wuta. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare, amma a makarantu da yawa na manyan birane sai ka tarar an ninka haka. A irin wannan wuri in ka ɗauko zancen lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibi, wani zai kalle ka ya ce, "Malam, mu da ba mu gama da alli da benci ba?"

Yana da gaskiyarsa. Sai dai yaron da hankalinsa yake a tashe, ko an ba shi benci shi kaɗai karatu ba zai zauna masa ba. Kuma mafi yawan abin da ke tsare hankalin yaro a makaranta ba ya cin kuɗi. Babba ɗaya ake buƙata wanda zai lura da yaron, ya saurare shi, ya kuma gane lokacin da abin ya fi ƙarfin makaranta sai an je asibiti. Ga bayanin yadda ake yin hakan, don amfanin iyaye da malaman boko da na Islamiyya da shugabannin unguwanninmu.

Me ake nufi da lafiyar ƙwaƙwalwa?

Mu Hausawa da an ce ciwon ƙwaƙwalwa sai hankalinmu ya tafi kan mai yawo a bola yana surutai. Wannan can ƙarshen layi ne, kuma shi ne mafi ƙaranci. Lafiyar ƙwaƙwalwa ita ce yaro ya iya jure ɗawainiyar yau da kullum, ya ɗauki karatu, ya zauna da mutane lafiya, ya ci abinci ya yi barci. In ɗaya daga cikin waɗannan ya lalace na tsawon lokaci, to akwai abin dubawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli sun riga sun fara kafin yaro ya wuce shekara 14. Wato a ajin sakandare mai yara 70, kada ka yi mamaki in kusan goma suna ɗauke da wani nauyi a zuci.

Waɗanda aka fi gani a makaranta su ne:

Ciwon damuwa. Baƙin ciki ko ƙunci da ya ƙi tafiya, yaro ya daina jin daɗin abin da da yake so. A wurin matasa sau da yawa fushi da saurin hasala ne ke fitowa fili, ba kuka ba.

Fargaba. Tsoron da ya wuce misali, faɗuwar gaba, gumi, ciwon ciki ko ciwon kai da ke zuwa da safe ranar makaranta ya ɓace ranar hutu.

Firgici bayan tashin hankali. Yaron da ya ga kisa ko ƙone-ƙone ko haɗarin mota yakan riƙa mugun mafarki, ya zabura in an buga ƙofa, wani ma ya koma fitsarin kwance.

Rashin natsuwa da wahalar koyo. Akwai yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya tun yana ƙarami, akwai mai kaifin baki amma haruffa suna rikice masa. Waɗannan su ne ake ta kira daƙiƙai ana jibga, alhali ba da gangan suke yi ba.

Shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma shiyyar Kudu maso Yamma ce a kan gaba da kashi 22.4 cikin ɗari. Kun ga ke nan yaranmu a tsakiyar abin suke zaune.

Taɓin hankali. Jin muryoyin da ba kowa, ganin abin da babu, zargin kowa yana binsa da sharri. Wannan aikin likita ne kai tsaye, kuma in aka fara magani da wuri da yawa sukan koma karatunsu.

Ita kuwa farfaɗiya, ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce, ba hauka ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓa jiki. In ɗalibi ya faɗi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. In jijjigar ta wuce minti biyar a garzaya asibiti.

Abin da ke danne yaranmu a nan kudu

Ɗan Bahaushe da ke karatu a Legas ko Fatakwal ko Onitsha yana ɗauke da kayan da ɗan uwansa na Kano bai san su ba.

Na farko harshe. A gida Hausa, a titi Yarbanci ko Igbo ko Turancin buroka, a aji Turanci, da yamma Larabci. A Legas tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu. Yaron da aka haifa nan yakan kwashe su duka, har ya zama shi ne tafintan gidan. Amma wanda aka kawo daga ƙauye yana ɗan shekara 11, aka ajiye shi aji ɗaya da 'yan shekara bakwai, ba ya jin abin da ake faɗa, wannan shiru zai yi, shirun kuma a ɗauke shi a matsayin daƙiƙanci.

Na biyu tsokana. Kalmar "aboki" a bakinmu alheri ce, amma kowa ya san yadda ake furta ta a nan in ana son a wulaƙanta mutum. Babba yakan share, yaro kuwa da ita yake kwana. 'Yan mata sun sha nasu a kan hijabi shekara da shekaru, kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai mata suna da 'yancin sa shi a makarantun gwamnatin Legas.

Na uku rikici. Yaran da suka ga abin da ya faru a Mile 12 a watan Maris na 2016, ko kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, wasu har yau suna makaranta. A jihohin Kudu maso Gabas zaman gida na ranar Litinin da aka fara a watan Agustan 2021 ya cinye ranakun karatu masu yawa, ya kuma sa tsoro a zukatan yara. Ga kuma waɗanda iyayensu suka gudo da su daga Borno ko Zamfara ko Katsina, da abin da idonsu ya gani.

Na huɗu halin gida. Lokacin da Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, ta ƙara huɗu a watan Satumba, gidaje da yawa tukunya ta tsaya. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ƙara tsadar mota da abinci. A ɗakin haya guda ɗaya kuwa ba abin da ke ɓoyuwa: yaro yana jin rigimar kuɗin haya, yana jin kukan uwarsa, da safe kuma a ce ya natsu ya yi lissafi.

Na biyar gajiya. Karatun allo da asuba, boko da safe bayan an sha gosulo, Islamiyya da la'asar, talla ko tsaron shago da yamma, wani har da makarantar dare. Likitoci suna cewa ɗan firamare yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi awa 8 zuwa 10. Ku lissafa na yaranku ku gani.

Na shida rabuwa da uwa. Yaron riƙo, ko wanda aure ya mutu uba ya taho da shi kudu uwa tana arewa, yakan yi shekara bai ji muryarta ba, kuma ba mai tambayarsa.

Na bakwai jarrabawa. Iyaye sun ci bashi sun biya WAEC da JAMB, yaro ya san haka, sai faɗuwa ta zame masa kamar ƙarshen duniya. A tuna da 2025, lokacin da hukumar JAMB ta amsa cewa kuskuren na'ura ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya nemi afuwa, aka sake musu jarrabawa. Kafin a gano kuskuren, yara nawa aka zaga a gida a kan laifin da ba nasu ba?

Sai kuma wanda ba a son faɗa. Binciken cin zarafin yara da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara shida cikin goma sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18, kuma yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma an yi musu ta hanyar lalata. Galibi mai yin abin wanda yaron ya sani ne.

Alamomin da za a lura da su

Labarin zuciya a tambayi fuska. Yaro ba zai zo ya ce "Malam, ina da ciwon damuwa" ba. Abin da ake nema shi ne sauyi: yaron ya canza daga yadda aka san shi, sauyin ya kai sati biyu ko fiye, kuma yana hana shi karatu ko wasa ko zama da mutane. Misali:

Mai surutu ya koma shiru, ko mai sanyi ya koma faɗa da kowa.
Maki ya faɗi warwas cikin zango ɗaya.
Fashi da makara sun yi yawa, ko yana fitowa daga gida amma ba ya isa makaranta.
Barci a aji kullum, rama, ko ƙin cin abinci.
Ciwon kai da ciwon ciki da aka auna a asibiti ba a ga komai ba.
Tsoron wani mutum ɗaya, ko ƙin bin wata hanya.
Jan ido, nauyin baki, sababbin abokai manya, kuɗin da ba a san tushensu ba.

Akwai kuma alamomin da ba a jira sati biyu, ranar ake tashi tsaye: yaro ya ce gara ya mutu ko ya gaji da rayuwa, ya yi wa kansa rauni, ya fara rabar da kayansa yana ban kwana, ya riƙa jin muryoyi, ya yi kwanaki ba barci yana sambatu, ko ya faɗi cewa wani yana taɓa shi ta inda bai dace ba.

Abin da makaranta za ta iya yi ba tare da kuɗi ba

1. A mai da rajista abin aiki. Kiran suna da safe shi ne awo mafi araha da makaranta take da shi. Duk yaron da ya yi fashin kwana uku a jere, ko ya riƙa fashi a rana ɗaya ta kowane mako, a kira gida ko a aika a duba. Tambayar ita ce "lafiya dai ko?" kafin a zo kan hukunci.

2. Kowane yaro ya sami babbansa. A raba sunayen ɗalibai tsakanin duk manyan da ke makarantar, har da mai gadi da mai sayar da abinci in masu amana ne. Aikin kowa shi ne ya san yaransa da suna, ya gaishe su, ya san wa ke riƙe da su a gida. Sunan da aka karanta ba wanda ya san komai a kansa, to wannan yaron za a fara nema.

3. A sami mai sauraro wanda ba ya riƙe bulala. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malamin ba da shawara a makarantu, amma inda ma yake sau da yawa an ɗora masa darussa har ba shi da lokaci. An gwada wata hanya a jihar Bihar ta Indiya, a makarantun sakandaren gwamnati sama da 70, aka buga sakamakon a 2018. A wasu makarantun an horar da wani mutumin gari ya zama mai sauraron ɗalibai, a wasu an ɗora wa malamin aji. Inda mutumin gari ya yi aikin, cin zali da alamun damuwa sun ragu sosai. Inda aka ɗora wa malami, ba a ga wani bambanci ba. A Kenya kuma shirin Shamiri yana horar da matasan da suka gama sakandare su zauna da ɗalibai rukuni-rukuni, awa ɗaya a mako har sati huɗu, kuma gwaji ya nuna damuwa da fargaba sun ragu. Mu ma muna da irin waɗannan mutane: nas da ta yi ritaya, ɗan bautar ƙasa, malamar Islamiyyar matan aure, ɗalibin jami'a ɗan unguwa. A zaɓi mai riƙe sirri, a sa mace ga 'yan mata, a yi zaman a inda ana hangen su amma ba a jin abin da suke faɗa.

4. A rage bulala da kunyatarwa. Gwamnatin Legas ta haramta dukan ɗalibai a makarantu. Ko ba doka, yaron da ake duka kullum yakan koyi ƙarya da ɓuya, kuma ba zai taɓa kawo damuwarsa wurin mai dukansa ba. Haka nan bashin kuɗin makaranta magana ce tsakanin hedimasta da uba. Kiran sunan yaro a asembili ko tsayar da shi a rana saboda kuɗin da ba shi ke nemowa ba, tabo ne da yakan daɗe.

5. A kafa dokar hana tsokana, a kuma yi aiki da ita a kan kowa. Ba zagin ƙabila, ba zagin addini, ba sa wa mutum suna saboda sanƙo ko in'ina ko talaucin gidansu. Wannan ya haɗa da yaranmu in su ne ke zagin 'ya'yan maƙwabta. Sabon ɗalibin da bai iya Turanci ba a haɗa shi da wani mai jin harsunan biyu su zauna benci ɗaya na zangon farko.

6. Kada a cinye lokacin tara. Guje-guje da ƙwallo da 'yar gala-gala magani ne, ba ɓata lokaci ba. A tabbatar akwai ruwan sha, akwai banɗakin 'yan mata mai ƙofa, kuma akwai wata malama da yarinya za ta je wurinta in al'ada ta zo mata ba shiri. A lura da yaron da kullum yake zaune shi kaɗai lokacin cin abinci.

7. A ajiye akwatin saƙo. Kwali mai rami ya isa. Yaro ya rubuta da Hausa ko ajami ko kowane harshe, da suna ko babu. Sharaɗin kawai a riƙa buɗewa duk mako, a kuma ga an yi wani abu a kai.

8. A duba malaman su ma. Malamin da ya yi wata biyu ba albashi, ya taso daga nesa, ya tarar da yara 80, a kan wa zai huce? Zaman rabin awa duk mako da malamai za su tattauna yaran da ke damunsu yana rage nauyi, yana kuma hana a bar mutum ɗaya da matsala.

9. Bayan rikici ko gobara ko rasuwar ɗalibi, a buɗe makaranta da zarar an sami tsaro, domin komawa tsarin da aka saba yana kwantar wa yara hankali. A gaya musu gaskiya daidai shekarunsu. Kada a tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani. Wanda ya so magana a saurare shi, wanda bai so ba a bar shi ya yi zane ko wasa. Yawancinsu za su warware cikin makonni. Wanda ya wuce wata guda bai dawo daidai ba, shi za a kai wa ma'aikacin lafiya.

Yadda ake magana da yaron da ke cikin damuwa

Kada a fara da "me ke damunka?" a gaban aji, amsar "ba komai" ce. A ja shi gefe, a fara da abin da aka gani: "Na ga kwana biyu ba ka fita ƙwallo, kuma jiya ka yi barci a aji. Na damu ne, ba faɗa zan yi maka ba." Sai a yi shiru a jira. Yaranmu an tarbiyyantar da su kada su haɗa ido da babba, don haka sunkuyar da kai ba raini ba ne. Wani sai a zama na uku zai buɗe baki.

In ya fara magana, a bar wa'azi da "ai mu a zamaninmu" sai wani lokaci. Kada a yi masa alkawarin rufe sirri gaba ɗaya. A ce masa, "Maganarka tana wurina, sai dai in na ga rayuwarka tana cikin haɗari, to dole mu nemi wanda zai taimaka, kuma zan gaya maka kafin in gaya wa kowa."

In ana zargin yana tunanin kashe kansa, a tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa. Masana sun tabbatar tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kira wanda ya yarda da shi a gida, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera da sauran magunguna daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar.

In kuwa cin zarafi ya faɗa, a yarda da shi, kada a tsare shi da tambayoyi, kada a haɗa shi da wanda ya ambata wai don a ji ta bakin kowa. A kai shi asibiti da wuri, cikin kwana uku in abin sabo ne, domin akwai magungunan kariya da ba sa aiki in an wuce haka. Rufa-rufa don gudun abin kunya mai laifin take karewa.

Ga iyaye

Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Yadda muke yi wa mai zazzaɓi addu'a mu kuma kai shi a auna jini, haka wannan. Abin gudu shi ne a shafe wata shida ana yawo da yaro ana cewa iska ce ko sammu, har ciwon ya yi nisa. Duk wurin da za a ɗaure yaro da mari, ko a dake shi, ko a hana shi abinci da sunan magani, a guje shi. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a 2019 lokacin da suka buɗe irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura da Ilorin da Ibadan.

Doka ma tana bayan mai wannan lalura. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da aka gada daga Turawa. Sabuwar ta hana nuna wariya da wulaƙanta mai ciwon ƙwaƙwalwa, ta kuma ba shi haƙƙin samun magani.

A gida kuwa, a rage wa yaro wani abu daga jadawalinsa in barci ba ya isarsa, a karɓi waya da dare, a bar shi ya kira uwarsa in tana nesa. Uba ya leƙa makaranta ko sau ɗaya a zango, ba sai an kira shi kan laifi ba. In Turanci ne matsalar, a tafi da wanda zai fassara. Ranar da sakamako ya fito ba daɗi, maganar farko da ta fito daga bakin uba ita yaro zai riƙe har girma.

Ina za a je?

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka ba kowa zai fara da su ba. A fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwa ko babban asibitin gwamnati mafi kusa, a tabbatar ba wani ciwon jiki ba ne, su kuma su ba da takardar turawa gaba. Manyan wuraren da ke kudu sun haɗa da:

Legas: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda ke da sashen yara da matasa a Oshodi, sai asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja.
Abeokuta: asibitin Aro.
Ibadan: asibitin koyarwa na UCH, kuma Jami'ar Ibadan tana da cibiya ta musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa.
Benin: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Uselu.
Enugu da Kalaba: kowanne yana da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya.
Fatakwal: asibitin ƙwaƙwalwa na Rumuigbo da asibitin koyarwa na jami'a.

Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, a Legas akwai kuma 767. Hukumar Legas mai kula da cin zarafi a gida da fyaɗe tana da layin kyauta, 08000 333 333. Hukumar NDLEA tana da layin ba da shawara kan shaye-shaye, 0800 1020 3040. Zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba yana nufin za a kwantar da yaro ba. Mafi yawa ganin likita ne a koma gida, wasu ma zaman tattaunawa kawai ake musu ba ƙwaya ko ɗaya.

Aikin shugabannin unguwa

A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro: maimakon a kulle marasa lafiya, sai a saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, su riƙa zuwa asibiti da rana. Tsarin ya yi suna a duniya saboda ya nuna cewa mutum ya fi saurin warkewa a cikin mutane. Wannan kuwa abu ne da muke da shi a kowace Sabo da kowane zango.

Fadar Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin kasuwar shanu da ta gwari da ƙungiyoyin direbobi za su iya ɗaukar abu uku. Su gayyato nas ko likita daga asibiti mafi kusa ya zauna da malaman boko da na Islamiyya na yini ɗaya a kowane zango. Su ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don motar zuwa asibiti da kati ga iyalin da ba su da shi. Su kuma sami mutum biyu, namiji da mace, masu jin Turanci da harshen gari, waɗanda za su riƙa raka iyaye makaranta da asibiti. Liman kuma in ya faɗa a huɗuba cewa ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, uban da ke jin kunyar kai ɗansa Yaba zai sami ƙarfin gwiwa.

Ɗa na kowa ne. Malamin da ya karanta wannan, gobe in ya buɗe rajista ya duba sunan da ya fi yawan fashi a wannan wata, ya tambayi inda yaron yake. Allah ya raya mana su, ya ba mu ikon sauke nauyinsu.